Kibiyar Baba

Ubana bai taɓa sa ƙafa a cikin jirgin ƙarƙashin teku ba, amma ya shekara ashirin da shida yana koya wa sojojin ruwa yadda ake farautar wani jirgi daga cikinsa. Ba gori nake yi masa ba. To, ko da gorin ma, ba shi da yawa. A makarantar kowa Mai Fensir yake ce masa, don ba ka raba shi da fensir ɗaya a bayan kunne, ɗaya a aljihu, da magogin fensir ɗaure da zare a maɓallin rigarsa. Mama takan ce ranar aurensu ma sai da aka roƙe shi kafin ya cire na kunnen. Ni ce autarsa, kuma cikin mu biyar ni kaɗai na bi sawunsa. Yayyena duk sun zille, sun ce ba za su ƙare rayuwarsu suna harbin jirgin ƙarya ba.

Ɗakin kwaikwayo yana ƙasan benen makarantar, ba taga ko ɗaya. An gina cikinsa kamar cikin jirgi: rufi a ƙasa-ƙasa, jan ƙwan lantarki, lasifika tana ta kukan ruwa, ga sanyin na'ura mai shiga ƙashi. Akwai kujerar mai tuƙi, da madubin leƙe a tsakiya, da teburin zane a lungu. Bango ɗaya gilashi ne. A bayansa malamai suke zama da na'urar da ke tuƙa jiragen ƙaryar, suna kallon ka kana zufa cikin sanyi.

Aikin mai zane ba shi da wuyar faɗa. Takarda ce mai zobba, ƙarami cikin babba, kai ne ɗigon da ke tsakiya. Duk minti uku mai leƙe zai ce jirgin da ake farauta yana kusurwa kaza, nisa kaza, sai ka ɗiga. In ɗigo ya kai huɗu, ka sa rula ka haɗa su. A nan sabon shiga yake washe baki, ya zaci ya gano inda jirgin ya dosa. Ina! Layin nan tafiyar jirgin ce a idonka kawai, kamar kana tsaye cak, alhali kai ma tafiya kake yi. Kamar na cikin mota ne da yake ganin mai keke yana komawa baya. Sai ka zana kibiyar jirginku daga tsakiya, wato inda kuka dosa da irin gudunku, ka ɗauko wancan layin da rula ka dasa shi a bakin kibiyar, sannan ka ja layi daga tsakiya zuwa inda ya tsaya. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin hanyar jirgin da gudunsa, kuma shi kyaftin yake jira kafin ya ce a harba. Daga ɗigo na huɗu, minti ɗaya da rabi aka ba ka.

To, na'urar tamu tsohuwa ce, kuma tana da hali irin na tsofaffi. Tun da aka kafa ta, jirginmu arewa yake fuskanta, gudu huɗu, ba ta taɓa canja ra'ayi ba. Baba ya lura da haka tun ina goye. Littafin makaranta ya ce mai zane ya tambayi mai tuƙi alkibla da gudu da bakinsa, ya maimaita, sannan ya zana kibiya. Baba ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa riƙe fensir agogo yana bin sa a guje ba. Me zai sa ka zubar da sakan talatin wajen tambayar abin da ko mai share ɗakin ya sani? Zana kibiyarka tun kafin a kaɗa ƙararrawa, idonka a takarda, kada ka ɗaga kai. Da wannan dabarar ya yi suna, don ɗalibansa ba sa makara.

Har takardun gwaji yakan kwaso gida duk ƙarshen mako, ya baje a teburin cin abinci, ya bi su ɗaya-ɗaya yana zana 'yar kibiya siririya mai kallon sama, wai don hannun ɗalibi ya saba da wurinta. Ina 'yar shekara tara ni nake miƙa masa takardun, in ya zana in jera. Mama tana faɗan mun hana ta ajiye kwano, mu kuwa ko a jikinmu. In ya gama, sai ya mayar da su kabad ɗin ajin zane ya kulle.

Sau biyu kawai ake zama jarrabawar mai zane. Wanda ya faɗi duka biyun, an cire shi daga sashen ke nan, sai sito ko gadin ƙofa. Zamana na farko kaina ya ɗau zafi, na ce ni 'yar littafi ce, ba za a ce dabarar uba ce ta fisshe ni ba. Na tambayi mai tuƙi, na maimaita, na zana. Amsata ta fita daidai, amma na makara da sakan goma sha ɗaya. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai zare fensir daga kunne ya duba bakinsa, ya ce, “Auta, kin ga abin da littafi ya ja miki.” Wata uku na yi ina zana kibiyar nan, har ta kai ko a farantin abinci sai in ga yatsana yana jan ta.

Ana saura mako guda zama na biyu aka kawo sabon Kwamanda. Shi ya sha ruwan gishiri da gaske, fuskarsa kamar an hana shi dariya tun yaye. Mun ga masu gyara suna shiga bayan gilashi suna fita, muka ce ƙila sanyin za su rage mana. Babu wanda ya kawo komai a ransa, har Baba.

Ranar jarrabawa mu goma sha biyu ne, kuma ni ce ta farko a jeri. Wani ɗan ajinmu da muke ce wa Dogo shi aka sa a kujerar tuƙi, wani a madubi, wani ya tsaya a matsayin kyaftin. Aka ba ni farar takarda fes. Kafin ƙararrawa na ja kibiyata, arewa, gudu huɗu, ko rula ban buƙata ba. Ta gilashi na hango Baba zaune kusa da Kwamanda, ya harɗe hannu.

Aka kaɗa. Mai leƙe ya fara kira, ni kuma ina ɗigawa. Wallahi ban taɓa samun ɗigo masu kyau irin na ranar ba, suka jeru kamar maɓallan riga. Na huɗu yana sauka na haɗa su, na ɗauko layin na dasa a bakin kibiya, na ja na ƙarshe. Na dubi agogo, saura sakan arba'in. Har na ɗan jinkirta don na bayan gilashi su gani da kyau. Sannan na faɗi hanyar jirgin da gudunsa da murya sosai, kyaftin ya ce a harba.

Muka yi tsit muna jiran ƙarar bugu. Lasifika ta ci gaba da kawo kukan farfelar jirgin, yana tafiyarsa hankali kwance, har ya yi nisa ya ɓace. Dogo ya juyo yana kallona, bakinsa a buɗe. Sai a sannan na ɗaga kai. Allon alkibla yana nan daidai saman teburina, jar allurarsa tana kallon gabas, gudu shida. Tun farko tana wurin, ba ta ɓuya wa kowa ba. Ni dai an ce mini idona a takarda.

Na dubi gilashi. Kwamanda yana rubutu. Baba ya cire fensirin kunnensa yana jujjuya shi, idonsa a kan takalminsa.

Na fito na zauna a bencin baranda. Sauran suna jere jikin bango suna jiran kira, kowa yana satar kallona. Ba a jima ba ƙofar malamai ta buɗe, Baba ya fito wai zai zaga. Na miƙe, na zaci wurina ya nufo. Sai ya bi ta gaban jerin a hankali, kamar mai duba ko an goge takalma, bakinsa yana motsi ƙasa-ƙasa. Na ji abin da ya ce, don kalma uku ce: a tambayi matuƙi. Ya wuce ta gabana bai ko tsaya ba. Su goma sha ɗayan nan duk suka tambaya, duk suka ci. Ni aka tura cikin ruwan aka ga zurfinsa.

Amma akwai ƙofa ɗaya da ta rage. Dokar makaranta ta ce in kuskuren ɗalibi daga koyarwa ya fito, ba a lissafa masa wannan zaman, sai ya sake. Malamin kuwa a ɗauke shi daga aji. Kowa ya san dokar, ba a dai taɓa ganin wanda ya taɓa ta ba.

Da yamma muna cin abinci na ce zan rubuta takardar koke. Na ce Baba ba sai ya yi dogon bayani ba, in an tambaye shi ya ce e, haka yake koyarwa, shi ke nan. Ya daɗe yana tauna loma ɗaya kamar da tsakuwa a ciki. Can ya ce in rubuta mana, haƙƙina ne. Na ji daɗi har na ƙara masa ruwa a kofi. Wauta ba ta da magani.

Ina wanke kwanuka Mama ta shigo kicin ta tsaya tana goge abin da yake a goge. Ta tuna mini saura wata takwas Baba ya yi ritaya, kuma an yi masa alkawarin za a riƙe shi ya ci gaba da koyarwa. Ta tuna mini gidan nan na ma'aikata ne, da aikin yake tafe, shekara goma sha tara muna ciki. Ta nuna mini barkonon da ta shuka a gwangwanaye bakin taga, kamar ban san shi ba.

“Kin san inda za mu koma in aka cire shi?”

Na ce ban sani ba.

“Ni ma ban sani ba,” in ji ta, ta ajiye tsumman ta fita.

Na san Mama gidan take ji. Baba kuwa ba gidan ba ne. Baba ya fi tsoron a ce Mai Fensir ya koyar da kuskure fiye da tsoron kabari. Duk da haka na rubuta. Shekara uku na yi ina neman kujerar nan, ban ga dalilin da zai sa in bar ta saboda barkono ba.

Bayan kwana uku kwamiti ya zauna da safe, Kwamanda da wasu hafsoshi biyu. Na faɗi yadda aka koya mana, ban ƙara ba, ban rage ba. Aka kira 'yan ajinmu. Abin mamaki, cutar mantuwa ta kama su gaba ɗaya. Dogo, wanda ni na koya masa riƙe rula, ya ce shi dai ba zai iya tunawa ba, ƙila wasu suna yi don kansu. Ban ga laifinsu sosai ba, wanda ya haye ba ya son a taɓa gadar. Amma Dogo ko kallona bai iya yi ba, sai silin yake ƙirgawa.

Sannan aka kira Baba. Ya shigo cikin kakinsa mai guga, ya ƙame. Kwamanda ya tambaye shi ko ya taɓa koya wa ɗalibi zana kibiyar jirgi kafin ya tambayi mai tuƙi.

“Yallaɓai, ni abin da ke cikin littafi nake koyarwa.”

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Wannan muryar ce ta koya mini ƙirga, ita ce take tashina da safe. Na ji baƙin ciki tsantsa, ba gauraye. Na ce a gafarce ni, akwai shaida. A je ajin zane a buɗe kabad, takardun gwaji suna ciki, kowacce da kibiyarta, da hannunsa ya zana.

Muka ɗunguma gaba ɗaya, Baba a gaba da makulli. Ajin zane yana hawa na biyu, tagoginsa manya, rana ta cika shi. Ya buɗe kabad ya ja gefe. Takardun suna nan a jere yadda na san su, tsibi uku. Na ɗauko ta sama. Fara fat. Na ɗauko ta ƙasanta, haka. Na zaro daga tsakiya, na zaro daga can ƙasa, na koma tsibi na biyu. Zobba kawai, da ɗigon tsakiya. Ɗaya daga cikin hafsoshin ya yi gyaran murya ya dubi agogonsa.

Na tsaya riƙe da takarda ina jin kamar ni ce mahaukaciyar. Sai idona ya sauka a lungun kabad ɗin, na ga ɗan baƙin ɓurɓushi da tsintsiya ba ta kai gare shi ba. Na dubi Baba. Akwai irinsa maƙale a bakin hannun rigarsa. Magogin da ke rataye a maɓallinsa, wanda ranar jarrabawa ya kai akwatin ashana, yanzu bai fi ƙwayar wake ba.

Ashe kwana ukun nan da yake cewa aiki ya riƙe shi a ofis, aikin ke nan.

Baba yana da hannu mara nauyi, amma fensir fensir ne. Na matsa bakin taga, na karkata takardar ta fuskanci rana. Ga ta nan. An goge baƙin, amma sawun yana kwance a jikin takardar, siririn kwari daga tsakiya zuwa sama, da 'yan fukafukansa biyu a baki. Na san ta kamar yadda na san tafin hannuna. Duk wanda ya tsaya inda nake zai gan ta, kuma taku biyu ne tsakanina da Kwamanda.

Shi kuwa ba yaro ba ne. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya dubi Baba.

“Kada ki yi gaggawa,” ya ce. “In akwai abin da kike so mu gani, kawo shi.”

Na waiwaya. Baba yana riƙe da ƙofar kabad. Bai roƙe ni da ido ba, da ya yi da ƙila na ji sauƙi. Kallon bango yake yi, ya ƙame, furfurar gefen kansa ta jiƙe da zufa, ga fensir a kunne. Sai na ga tsoho ne kawai, ƙanƙane a cikin kaki. Na tsane shi a lokacin nan, kuma ina son sa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na tuna gwangwanayen Mama, na ji haushin tunawar.

Na sauke takardar na mayar kan tsibin, na daidaita gefenta da tafin hannu yadda ya koya mini.

“Babu komai, Yallaɓai. Ni ce na yi kuskure.”

Kwamanda ya daɗe yana kallona. Ya sake tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Ya rufe fayil ɗinsa. Kafin azahar takarda ta fito, an mayar da ni sito, wurin rigunan ruwa da igiyoyi, kuma an rubuta mini gargaɗi a kan ƙagen da na yi wa malami. Dogo ya tare ni a matakala yana wani sosa ƙeya, na ce ya matsa mini in wuce.

Na riga Baba komawa gida. Na shiga ɗaki na kwashe rula da fensira da littafin nan mai gaskiya na zuba a kwali, na tura ƙarƙashin gado. Mama ta leƙo sau biyu, ta ga fuskata, ta koma. Ina jin ta a kicin tana ta buga tukwane fiye da yadda girkin yake buƙata.

Da la'asar na ji shigowarsa. Ya daɗe a ɗakinsu, ya canja kaya, sannan na ji takunsa ya tsaya a ƙofata. Bai shigo ba, ya dafa ƙyauren.

“Auta. Allah ya yi miki albarka.”

Ban ce amin ba. Tunda nake ban taɓa barin albarkarsa ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Na tambaye shi takardun guda nawa ne. Ya ce sun haura ɗari huɗu. Na ce shi kaɗai ya yi? Ya gyaɗa kai.

“Da ka gaya mini, Baba, da na zo na taya ka. Ai da ma ni nake miƙo maka su.”

Hannunsa ya tafi bayan kunne, bai tarar da komai ba, ya dawo. Daga kicin Mama ta ce abinci ya sauka, a zo tun da zafinsa. Babu wanda ya motsa a cikinmu. Yana nan tsaye a bakin ƙofa yana karkaɗe hannun rigarsa, yana sake karkaɗewa, alhali ba rigar ba ce a jikinsa.